Yaya Illa a Kujerar Baya

Asabar, 6 ga Yuli 2024

Ta iso. Ni na tuƙo ta da hannuna daga Damagaram har ƙofar gidana a Matamaye, ba wanda ya taɓa mini sitiyari. Ƙarama ce, amma doguwar ƙafa gare ta. Ruwan goro, ƙugu a cike, rufin ya zubo ta baya kamar ɗankwalin da aka tura ƙeya. Fitilun gaba sirara ne, a ɗage, kamar mage ta hango kare. Maƙwabciyata ta ce, "Madan Baiwa, wannan mota ai harara take yi." Na ce to, ta san gidan da ta zo.

Gazuwal take sha, wato dizal, ba fetur ba. Da safe in an tada ta sai ta yi ta gunaguni kamar injin niƙa, in ta ɗumama muryar ta kwanta.

Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da tarihi a kolejin garin nan, ina hawa bayan kabu-kabu, hannu ɗaya a zani, hannu ɗaya a jakar takardu. Ya ƙare.

Litinin, 8 ga Yuli

Yaya Illa ya zo ganin mota, yana ɗingisa ƙafar nan da ciwon suga ya kama masa. Ya kewaye ta, ya ƙwanƙwasa taya da sanda, ya yi addu'a doguwa. Na ji daɗin addu'ar, ba zan ɓoye ba. Tun rasuwar Baba shi ne ubanmu, tun rasuwar maigidana kuma shi ne mai leƙo ni.

Sai ya shafa ya ce, "Alhamdu lillahi, gidanmu ya yi mota. Ki ba Hashimu makulli."

Hashimu! Ɗan nasa da ya kai talatin ba shi da permi, takardar izinin tuƙi, ya kashe babur biyu, jiya ma yana ce mini zai samo mini mai na kwalba mai araha a bakin tasha. Fetur, a injin gazuwal. Da a ranar zan yi mata jana'iza.

Na ce, "Yaya, duk inda kake so zan kai ka. Biki, suna, gaisuwa, duk wanda ke gidanmu zan ɗauka. Amma ni zan tuƙa."

Ya dube ni kamar na ce zan ja limanci ranar Juma'a. Wai shi, da gemunsa, ƙanwarsa ta ɗauko shi ta wuce da shi gaban majalisarsu? Ya tafi bai sha ruwan da na kawo ba.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na gwada ta a hanyar Kurni bayan ruwan jiya. Rairayi jiƙaƙƙe, ga kwazazzabai. Na bar ta a bitas na biyu, wato giya ta biyu, ban danna totur ba, ta dinga ja a hankali kamar saniyar noma da ta san kunyarta. Abin da nake so ga injin gazuwal ke nan, ƙarfinsa a ƙasa yake, ba sai an yi ihu ba. Wata doguwar mota mai ƙasa-ƙasa ta kafe a gefe, maza huɗu na turi. Na wuce. Na gaishe su ma, da ladabi.

Aibinta ɗaya: in na taka ta daga tsaye sai ta ɗan yi tunani kafin ta amsa, sannan ta zabura gaba ɗaya. Na san mutane masu halin nan.

Lahadi, 21 ga Yuli

Likitan garin nan ya ce ƙafar Yaya ta fi ƙarfinsa. Sai Damagaram, duk mako, a wanke gyambon a duba. In aka yi wasa, yankewa ne.

Alhamis, 25 ga Yuli

Ya tafi a motar tasha. A motar tasha! Mutum kan mutum, ga buhunan albasa. Wani ya taka masa ƙafar wajen sauka a Takieta. Ya dawo da bandeji jage-jage da jini. Motata kuma tana ƙarƙashin dalbejiya, tankinta cike, ba ta je ko'ina ba.

Girman kai rawanin tsiya. Shi nake nufi.

Talata, 30 ga Yuli

Bai je ba wannan makon. Matarsa Basira ta zo da hantsi, ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen mayafi. Ɗakin ya fara wari, in ji ta, sai ta kunna turare. Ta ce in ba Hashimu ba, ko direban haya ne a ɗauko, namiji dai, Yaya zai shiga. Ta ce, "Baiwa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce hannu ban sani ba, amma ƙafa likita ya ce ana yankewa, ki je ki faɗa wa mijinki.

Ta yi kuka. Ban so na faɗa haka ba. Amma me ya sa ni za a zo wa da kuka? Mota ga ta, direba ga ta, permi na samu tun karon farko, na bar samari suna sake jarrabawa. Abin da ya hana shi tafiya yana cikin kansa, ba ya cikin jakata.

Duk da haka tuwon rana bai shiga ba.

Alhamis, 1 ga Agusta

An samo hanya, kuma shi ya samo ta. Ya aiko Basira: zai shiga, amma a baya, ɓangaren dama, wurin da masu mota ke zama in suna da direba. Wato duk wanda ya gan mu zai ce Alhaji Illa ne ya fito, ƙanwarsa na masa hidima.

Na karanta tarihin sarakuna da yawa da suka ci yaƙi a bakin maroƙa bayan sun sha kashi a fili. Ban san a gidanmu akwai irinsu ba.

Na ce to. Ƙafar ce ta sa, ba shi ba.

Litinin, 5 ga Agusta

Yau na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, a ciki na yi ta.

Ya fito da babbar riga da doguwar hula, ya tsaya a ƙofar baya yana lalube. Mariƙin ƙofar baya na motar nan ba a inda aka saba yake ba, masu ƙira sun ɓoye shi can sama a gefen gilashi don jikin ya fita sumul. Ya shafa ƙasa, ya shafa tsakiya. Bai tambaya ba, ni ma ban nuna masa ba. Da ƙyar ya ce, "Wannan aljanar ba ta da ƙofa ne?" Na fito na buɗe masa.

Sai rufi. Rufin nan da ke burge ni, mai zubowa ta baya, ya tuɓe masa hula tun kafin ya zauna. Ya riƙe ta a cinya. Gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba. Yaya dogo ne, duk gidanmu dogaye ne.

Mun wuce majalisa, ya ɗaga musu hannu kamar gwamna, kai ba hula.

A kwalta kuwa, kai! Bitas shida gare ta, a na shida injin sai ya yi shiru, kamar ba ya aiki. Bayan Kance na tarar da wata tirela tana jan jiki, na sauko bitas na huɗu, na taka, ta yi ɗan tunaninta sannan ta ja mu kamar an saki ɗan maraƙi. Daga kujerar baya na ji, "La'ilaha! Ke Baiwa, da rai a motar nan!" Na ce na sani, har biyu.

Sai dai ƙafafunta da tauri. Duk ramin da na kauce wa da tayar gaba, ta baya sai ta gaishe shi, kuma mai zaman baya ne ke amsawa. Kafin mu isa ƙafar ta kumbura don ta yi ta reto a ƙasa. Likita ya yi faɗa. Ya ce a miƙe ta, a ɗaga ta, in ba haka ba aikin banza ake yi.

Da za mu dawo na tura kujerar gaba can baya, na kwantar da ita, na ɗora matashi. Ban ce ya shiga ba. Ya tsaya yana kallon hanya, ba wanda ya san shi a Damagaram. Ya shiga. Hularsa ta zauna daram, har da sauran wuri.

Muna hango gonakin raken bakin gari sai ya ce, "Tsaya nan." Ya sauka da sanda, ya koma baya, ya cire hula. Haka muka shiga Matamaye.

Litinin, 12 ga Agusta

Haka dai. Baya daga gida zuwa gonakin rake, gaba daga nan zuwa Damagaram, a dawowa a juya. Har gawon da muke tsayawa a ƙarƙashinsa ya san mu. Mai kiwon da ke wurin ya fara gaishe mu.

A gaba yana surutu. Ya ce gazuwal ɗin da na zuba tun wancan makon ne har yanzu? Na ce shi ne, ba ta da ci. Ya ce, "To ta fi mai ita." Ya ce fuskarta dai ba kyau, kamar an ɓata mata rai. Na ce ba aure take nema ba.

Ya tambaye ni abin da allurar hagu ta agogon gaban sitiyari ke nunawa. Na yi masa bayani kamar a aji, ya saurara har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba tun da na iya magana. Wajen Tirmini na kama shi yana shafa gaban motar da tafin hannu.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na wanke ta da kaina. Yaran unguwa sun sa mata suna Mai Harara. Ya yi mini.

Litinin, 19 ga Agusta

A dawowa, ruwa kamar da bakin ƙwarya tun daga Takieta. Motar ba ta ko girgiza ba, ta riƙe kwalta, ruwa na tsagewa gefe biyu. A tsallaken da ke bayan Kance ƙananan motoci sun yi layi suna jiran ruwa ya janye, ni na duba tsayinsa a ƙafar wani mai tura keke, na shiga a hankali, na fita. Yaya ya ce, "Ashe doguwar ƙafar ba ado ba ce."

Sai muka iso gawo. Ya ce tsaya. Na ce Yaya, taɓo ne, ba kowa a majalisa cikin ruwan nan. Ya ce akwai rumfa. Na ce bandejinka. Ya ce, "Ni ne babba ko ke?"

Na tsaya. Ya sauka, sandar ta zame, ƙafar mai ciwon ta nutse cikin taɓo har idon sawu.

Abin da na faɗa masa a wurin ba zan rubuta ba. Na tuna dai na ce mutanen majalisar nan ba wanda zai ara maka ƙafa. Na durƙusa cikin ruwa na kwance bandejin, na wanke da ruwan gora, na naɗe da mayafina. Ƙafar yayana. Ban taɓa ganin gyambon da idona ba sai yau.

Alhamis, 22 ga Agusta

Zazzaɓi. Mun koma Damagaram ba ranarmu ba, Basira a baya, shi a gaba tun daga ƙofar gida, don bai san inda yake ba. Ban taɓa taka ta kamar yau ba, ba ta kuma ba ni kunya ba. Sun riƙe shi. Yatsu biyu za su cire. Likita ya ce in Allah ya so ƙafar za ta tsira, an zo da wuri.

Da na ba direban haya makulli tun a watan jiya... A'a. Ba zan bi wannan hanyar ba. Shi ya sauka a taɓo, ba ni na tura shi ba.

Ni na tsaya, dai.

Litinin, 2 ga Satumba

An sallamo shi. Ƙafar tana nan, ba yatsu biyu. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Basira ta riga mu dawowa jiya don ta gyara ɗaki, saboda haka mu biyu ne.

Hanya lafiya lau, gero ya fitar da kai ko'ina. Ban wuce kowa ba yau, har tirela na bi a baya na ɗan lokaci, ramuka ne suka yi yawa bayan ruwan nan.

Da muka hango gawo na sassauta, don sabo. Ya ce, "Wuce kawai." Bai dube ni ba. Ya gyara hula, ya miƙe wuya, ya kafe ido a gaba kamar wanda za a yi wa allura. La'asar ta yi, lokacin da majalisa ke cika. Na ga hannunsa ya damƙe sandar har jijiyoyi sun fito.

Kafin kwanar majalisa na karya hagu, na bi lungun bayan kasuwa. Lungun ya matse, ga taɓo, ga amalanke an jingine. Na karce mata ƙugu a jikin wata katanga, tun daga ƙofar baya har fitila, fari fat a kan ruwan goron.

Ya ce, "Ke da kike cika baki da tuƙi, ina babbar hanya?"

Na ce an ce ta lalace.

A ƙofar gida na kewayo na ba shi kafaɗa, ya dafa.

Na duba karcen da na dawo. Ba shi da zurfi. Mai fenti sai bayan damina, ko ma dai a bar shi, ba gaggawa. Litinin mai zuwa akwai wankin ciwo. Lungun zai fi sauƙi in na naɗe madubin dama.