Turaren Kaisar a Gonar Riɗi

Ƙauyen Basunda, daren Lahadi, tsakiyar yankan riɗi

Yau wakilin gona ya kori Tesfaye, Bahabashen da ya fi kowa iya lauje, don ya ce ba ya yanka ranar Lahadi. Na san riɗi ba ya jira, in ya bushe sai ya zube. Amma ni, mai riƙe da rajistar ma'aikata, ni wakilin ya aika wurinsa.

"Ustaz, ce masa ya yi rabin wuni kawai, shi ke nan."

Na gaya masa. Ya shafa zaren wuyansa, alamar Kiristancinsa, ya ce, "Baba, gobe zan yi aikin kwana biyu." Wakili ya ƙi, shi kuma ya ɗauki buhunsa ya kama hanya.

Shekara nawa ina koya wa ɗalibai a garin Gadarif cewa ɗan turare kawai Rumawa suka nemi Kiristoci su zuba gaban gunkin sarkinsu Kaisar. Suka ƙi, aka kashe su, ƙarshe Rum ta bi addininsu. Ni da aka kawo mini takardar biyayya ga gwamnati, ban ko karanta ba na sa hannu. Duk da haka suka sallame ni daga koyarwa.

Gobe da asuba ni zan kira sunayen ma'aikata, in tsallake nasa.