Benen da Na Faɗo

Umma,

Ina gaisuwa. Ya gwiwar taki, ya Baba? Lafiyata ƙalau a Kuwait, sai gajiyar aikin asibiti.

Lauya ya kira ni. Ya ce in na nemi hul'i, zan rabu da mijina Medhat salin alin, amma na yafe haƙƙina. In kuwa na ce yana dukana, sai da shaida.

Ke kaɗai kika gani, Umma. Ke kuma kika ce wa likita daga bene na faɗo, kada mutanen garinmu Asyut su ji.

Ban riƙe ki a zuciya ba, na dai gaji. Amma in alƙali ya tambaye ki, me za ki ce? Gidan ko bene babu.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarki,
Nagwa