Kun Kori Habibu, Kun Bar Mai Raba Takardun Caca

Zuwa ga Hedimasta,
Makarantar Sakandaren da ɗana Habibu ya yi karatu,
Sabon Gari, Kano.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da malamanka. Bayan haka, sunana Garba, ɗinki nake yi a Fagge. Na kai wannan takarda jarida ne domin na yi ta sintiri ofishinka, kullum masinja ya ce mini kana da baƙi.

Habibu ɗan yayana ne marigayi, a hannuna ya tashi. Ranar da na kawo shi wurinku, dangi suka ce na jefa maraya a halaka. Ban saurare su ba. Shekara biyu yana cikin na gaba a ajinsu, kai da kanka ka yaba masa a gaban iyayen yara. A watan jiya kuma ka sa aka yi masa bulala a gaban makaranta duka, ka kore shi, don an kama shi da takardun cacar ƙwallon ƙafa, wadda ake kira ful. Ban ce bai yi laifi ba. Amma ga abin da ba ka faɗa wa taron ba.

Na ɗaya, takardun nan ba daga kasuwa suka shigo ba. Malamin wasanninku ne yake raba su ranar Litinin, ya karɓa ranar Alhamis da sule-sulen yara, ya kai wa mai shagon cacar, a ba shi la'adarsa. Mista Obi, kafintan da ɗansa ke aji ɗaya da Habibu, ya gani da idonsa, kuma a shirye yake ya ba da shaida.

Na biyu, abin da ya sami karatun yaron. Tun daga damina yaron ya daina buɗe littafi. Sai lissafin wane gari na Ingila zai ci wane, garuruwan da bai taɓa gani ba. Ranar Asabar ba ya cin abinci sai ya ji sakamako a rediyo. In ya faɗi, sai ya kwana uku ba ya magana da kowa. Kekensa da na saya masa don zuwa makaranta ya sayar, ya ce mini sace shi aka yi. Jarrabawar ƙarshen zango ya faɗi warwas. Duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya aiko mini daga makaranta cewa yaro ya canza. Sai ranar kora aka tuna yana da uba.

Na uku, malamin nan har yau yana bakin aikinsa.

Ranka ya daɗe, ko ka san inda Habibu yake yanzu? Yana zaune a ƙofar shagon cacar, yana cike wa 'yan dako da direbobi takardu, suna ba shi kwabo. Inda Turancin da kuka koya masa ya ƙare ke nan. Mahaifiyarsa ba ta iya haɗa ido da ni, ni ma ba na iya haɗawa da ita. Maƙwabtana biyu da na lallasa suka sa 'ya'yansu a boko sun cire su.

Don haka ina roƙonka ka binciki malamin nan a gaban iyaye, ka hana takardun nan shiga makaranta, ka kuma mayar da Habibu ko da aji zai maimaita. In ba za ka yi ba, ka fito fili ka gaya wa mutanen Fagge dalilin da hukunci ya tsaya a kan maraya kaɗai.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare maka naka 'ya'yan daga abin da ya sami nawa.

Wassalam.

Ni ne,
Garba mai ɗinki, Fagge.