Duwatsun Kaka a Zaurenka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna, da sauƙi?

Na ga hoton sabon zaurenka. Wato da aka rushe tsohon barikin Turawa, kai ka kwashe jan dutsen da Kaka ya fasa musu da hannunsa, ko waya babu? Ni fa nake raka shi yana shafa bangon nan! Jiya na wuce wani tsohon ginin Turawa a nan Kuala Lumpur, abin ya dawo mini sabo.

Allah ya sanya alheri, amma wallahi ina kishi. Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Ka ajiye mini dutse ɗaya, in ba haka ba, daga bangonka zan ciro.

Ƙaninka,
Bello