Motar da ta kife

Daren Talata, Daura

Yau yaran Yaya Sani suka fito da wasansu na yaƙin motoci, karon farko tun rasuwarsa. Shi ya ƙirƙiro musu shi. Kwalayen ashana ne motocin, ana jera su a kan katako, kowa ya ɗalle ƙwallon dabino ya harbi ta wani. Dokokin duk a kansa suke.

Ina zaune ina kallonsu kawai, sai gardama ta tashi. Motar Hafsa ta kife.

Umar ya ce, "Baffa, raba mu. Ai ta fita ko?"

Na ce, "Wadda ta kife ta fita, shi ke nan." Sai da na faɗa na tuna yadda muka iske motar Yaya Sani a kife a hanyar Baure.

Hafsa ta ce, "A'a, Baffa. Baba cewa yake a jira. In motar wani ta iso kusa, sai ya tashe ta."

Na ce a bi ta Baba. Umar ya yi tsaki, amma ya matso da tasa ya tashe ta.

Har yanzu ban yi kuka ba. Shi dai Yaya Sani babu wanda ya iso gare shi da wuri.