Allon Inna Zai Dawo a Kan Kansila

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Allah ya ƙara rufin asiri, ya dafa maka a kan aikinka. Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu sun fara tafiya, ɓarna sai abin da ya ci gaba, ƙafar Kawu Direba ma ta yi sauƙi. Inna ce dai sai a hankali, kuma ba ciwon jiki ba ne. Saboda ita na ɗauki biro, raina a ɓace.

Ka san shekara goma sha ɗaya ke nan tana koya wa matan unguwa karatu a zaurenmu, da allon nan da marigayi Baba ya haɗa mata da ƙyauren tsohon kabad. To, wata ƙungiya mai tallafa wa karatun manya ta ce za ta zo ta ga ajin, ta gina ɗaki, ta kawo bencina. A ƙa'idarsu ta hannun kansila suke shiga unguwa. Da Kansila Dogo ne, wanda muka yi sakaci ya faɗi zaɓe, ka san halinsa: ya kawo baƙi har ƙofar masu aikin, ya koma baya ya yi shiru, in an tashi ya bi takardu ofis-ofis. Haka muka samu famfo. Na yanzu kuwa hoto ya sani.

Ana gobe baƙi za su zo, ya aiko a ba shi allon, wai zai sa a yi masa fenti. Inna har da sa masa albarka. Washegari ta ci ado, ɗalibanta arba'in da uku suka cika zaure da tsakar gida, kowace da littafinta a cinya. Tun hantsi muke zaune har la'asar. Ashe garejin gidansa ya kai baƙin, ya jingina allon Baba, ya zaunar da matarsa da ƙannenta aka ɗauki hoto. Da labari ya iso mana, Inna ta cire mayafinta ta ninke. Tun ranar ba ta sake buɗe aji ba. Yaya, ban taɓa tsanar mutum haka ba.

Abin da bai sani ba, ƙungiyar ba ta aza bulo ko ɗaya sai ta ga rajistar ɗalibai, kowace da sa hannunta. Rajista kuwa tana cikin akwatina. Sau uku yana zuwa nema, ina ba shi ruwan sanyi ina ce masa zan duba. Ana cikin haka Tsohuwa Mai Saƙa, ɗalibar Inna wadda ta fara riƙe fensir tana da shekara sittin, ta rubuta wa jami'ar ƙungiyar takarda da hannunta, ta faɗa mata abin da ya faru. Kwana biyu ta yi tana rubutun, layin duk a karkace. Jami'ar ta zo da kanta, ta zauna a tabarma tana tambayar matan sunayensu, kowacce na tashi tana rubuta nata. Ta ce nan za a gina ajin, amma dole a zauna da kansila, don da shi za a yi aiki.

Yanzu ga zaɓe ya ƙarato, sai aiko manya yake yi ban haƙuri. Inna ta ce a yafe. Ita ta yafe, ni ban yafe ba. Na ce wa manyan allon zai dawo ranar Asabar da hantsi, ba a mota ba, ba a hannun ɗan aike ba, a kansa zai ɗauko shi, ta gaban shagunan bakin titi. In ya sauke, ya zauna tare da mu har la'asar, sannan a buɗe rajista. Ya amince, don ba shi da yadda zai yi.

Ka gaishe min da Anti da Auta da surukarka, Kawu da maigidana suna gaishe ka. Inna ma tana gaisuwa. Ɗazu na gan ta tana goge mayafin nan, kuma ta ce in na fita kai wasiƙar nan in sayo mata alli.

Taka har kullum,
Ƙanwarka