Ƙwaya Ɗaya a Tankin Ruwa

Chanchaga, Minna.

Zuwa ga 'yata Hidaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya Zariya, ya karatun likitancin dabbobi? Na rubuto ne maimakon waya, domin a waya kina katse ni.

Ranar Litinin Keke Napep ya take wata kyanwa marar gida a ƙofarmu. Ƙafar baya ta karye, fata ta yage, kukanta ya hana ni karyawa. Na ɗauko ta cikin kwali, na sa mata suna 'Yar Keke. Kada ki damu, ina yi mata magani da homiyofati, wani salon maganin Turawa wanda na koya a wani ɗan littafi da Kingsley mai kemis na Sabon Gari ya ba ni. Ƙwayoyi ne farare ƙanana kamar gero. Ƙa'idarsa ita ce, iya yadda ka sirka shi da ruwa, iya ƙarfinsa. Tururuwa sun kwashe mini rabin kwalba saboda zaƙi, kuma wallahi ban taɓa ganin tururuwa masu kuzari irinsu ba.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, tana kuma harara ta.

Mahaifinki,
Ndako Abdulsalami.

Zariya.

Baba,

Barka da hutawa, ya gida? Allah ya saka da alheri da ka ɗauke ta, na ji daɗi har raina. Amma Baba, sukari ba ya ɗora ƙashi. Idan ba a wanke ciwon nan an ɗaure ƙafar ba, zai ruɓe, kyanwar nan ba za ta kai mako ba. Don Allah ka kai ta wurin likitan dabbobi a Bosso. Ba raini ba ne, tsoro ne.

'Yarka mai biyayya,
Hidaya.

Hidaya,

Bayan gaisuwa, na ga takardarki. Shekara talatin da biyu na yi ina magatakarda a tashar jirgin ƙasa, ba wanda ya taɓa ce mini ban iya karanta umarni ba.

Da na ga ciwon ya fara wari, sai na yanke shawarar ba ta magani mafi ƙarfi. Na hau tsani na jefa ƙwaya ɗaya cikin tankin ruwan gida. Mahaifiyarki ta riƙe tsanin tana salati. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar warin ya ɗauke. Yanzu tana cin kifi, har ta yakushe ni, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. Mahaifiyarki ta naɗe mata ƙafar da wani farin abu mai tauri, wai don kada ta lashe ciwon. Na ƙyale ta, ita ma ta samu ladan.

Jonah mai haya a ɗakin baya ya ce mini, "Baba, wannan ruwan ka tana aiki, bayana ta daina ciwo!" Maƙwabta sun fara zuwa da jarka. Ki gaya wa malamanku.

Mahaifinki.

Hidayata,

Gaisuwa mai yawa. Ki karanta wannan ki yaga.

Ba tanki ba ne. Ranar Juma'a, yana fita masallaci, ni da Martha matar Jonah muka cusa kyanwar a kwandon wanki muka hau Keke zuwa Bosso. Tana ihu, mai Keken yana tambayarmu ko jariri ne. Likita ya wanke ciwon, ya yi allura, ya ɗaure ƙafar da filasta. Ya yi ta bayani ina kallon agogo, rabi ban ji ba. Maganin gaskiyar a cikin kifi nake tura mata.

Na san ƙarya nake yi wa mijina, kuma abin yana damuna. Amma tun da ya bar aiki ban ga ya tashi da sassafe da fara'a ba sai yanzu. Har waƙa yake yi mata. Idan ya sani zai ji kunya a gaban unguwa, ni kuma ba zan iya kallon fuskarsa ba. Ga shi na manta ranar da likita ya ce a mayar da ita. Yaya zan yi?

Ki ci abinci, kin ji.

Mamanki,
Rabi'atu.

Hidaya,

Gaisuwa. 'Yar Keke ta taka ƙafarta yau, har ta kori ƙadangare.

Ina shafa ta ranar Lahadi na ga rubutu da biro a ƙarƙashin farin abin nan: "A dawo da ita Talata, ƙarfe goma." Mahaifiyarki ba ta rubuta lamba bakwai ma da kyau, balle wannan. Sai na gane wurin likita ta kai ta a ɓoye. Talata na ce mata zan je gaisuwar mutuwa, na ɗauki kwandon wankinta, na sa 'Yar Keke a ciki, sai Bosso. Likitan yaron kirki ne. Kin yi gaskiya, kuma ba zan maimaita wannan maganar ba.

Kada ki gaya mata na sani. Shekara talatin ke nan rabon da ta lallaɓa ni haka, ba na so ta daina.

Jonah kuwa ya ce a ƙara ƙwaya a tanki, na ƙara.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Ndako.